Waiwaye: Wa Ke Koya Wa Malamin Gobe Zama Da Mutane?

Yawancin mutanen da suka riƙe Arewa a jajibirin samun 'yancin kai da alli suka fara. Ahmadu Bello ya gama Kwalejin Horon Malamai ta Katsina a 1931, ya koma koyarwa a Midil ta Sakkwato. Abubakar Tafawa Ɓalewa ya gama a 1933, ya kama aji a Midil ta Bauchi har ya zama hedimastanta. Kashim Ibrahim na Borno da Aliyu Makaman Bida duk ta Katsina suka bi. Malam Aminu Kano, wanda ya yi karatu a Kaduna inda aka mayar da kwalejin a 1938, daga makarantar horon malamai ta Maru ya ajiye aiki a 1950 ya shiga siyasa. Waɗannan mutane sun sha bamban a ra'ayi, wasunsu har sun yi zazzafar adawa da juna, amma kowanensu ya iya tsayawa gaban hakimi ya yi magana, ya juya ya durƙusa gaban yaro ɗan shekara bakwai ya saurare shi. Wannan iya zama da mutane, da kamun kai, da ɗaukar nauyi ba sai an tsaya a kanka ba, shi nake so mu duba a wurin ɗaliban da muke horarwa yau.

Kada mu yi wa jiya ado fiye da kima. Kwalejin Katsina ta maza ce zalla, ɗalibanta ƙalilan ne, kuma Turawa sun kafa ta ne don biyan bukatar mulkinsu. Sai a 1939 aka buɗe cibiyar horar da mata a Sakkwato. Amma tun kafin Bature ya zo, Nana Asma'u 'yar Shehu ta riga ta nuna mana abin da ake dubawa wajen zaɓen malama. Waɗanda take naɗawa jaji su jagoranci ɗalibanta 'Yan Taru dattijan mata ne da ƙauyukansu suka yarda da amanarsu, waɗanda za a iya danƙa wa 'yan mata su yi tafiya mai nisa da su, su dawo lafiya. Sai ta tabbatar da natsuwar mace take ɗora mata malfa.

Sauyi babba ya zo a 1976, lokacin da gwamnatin Janar Obasanjo ta ƙaddamar da shirin ilimin firamare kyauta, UPE. Yaran da suka zo sun zarce lissafin da aka yi, aka shiga horar da malamai cikin gaggawa. Wanda ya gama firamare yakan yi shekara biyar a kwalejin malamai kafin ya samu takardar malanta mai daraja ta biyu, wanda ya gama sakandare kuwa shekara ɗaya ko biyu. A shekarar ne kuma aka kafa Cibiyar Malamai ta Ƙasa, NTI, a Kaduna. Duk da gaggawar, waɗanda suka yi shekara biyar ɗin nan a makarantar kwana sun samu wani horo da ba ya cikin manhaja: shugabancin ɗakin kwana, rabon abinci, sasanta 'yan ƙasa da su, zama da ɗan wata ƙabila a gado ɗaya sama da ƙasa. Daga baya aka mayar da takardar NCE ta kwalejojin ilimi mafi ƙarancin shaidar koyarwa, aka kafa hukumar kula da kwalejojin ilimi a 1989, yawancin tsofaffin kwalejojin malamai suka zama sakandare. Karatun ya ƙaru, ban musa ba. Amma ɗalibin NCE na yau yakan zo lacca daga gida ko daga ɗakin haya, ya zauna cikin ɗaruruwa a babban zaure, ya rubuta jarrabawa, ya tafi. Shekara uku za ta iya wucewa ba a taɓa ba shi amanar ko da mutum biyar ba.

A ɗakin malamai na kwalejojinmu akwai hukunce-hukuncen da aka daɗe da yankewa. Ana cewa mata sun fi haƙuri, maza sun fi iya riƙe aji. Ana cewa 'yan kimiyya ƙwaƙwalwa gare su amma ba su iya mu'amala ba, 'yan harsuna da tarihi kuwa sai baki. Na daɗe ina bin ɗalibai makarantun da ake tura su gwajin koyarwa, kuma na ga ƙanshin gaskiya a maganganun nan. Inda na saɓa da masu faɗinsu shi ne dalili. Ba halitta ce ta raba su ba, irin aikin da aka saba ba kowanensu tun yana ƙarami ne.

Ɗauki yarinyar da ta taso a gidan Bahaushe. Tun tana shekara bakwai da goyo a bayanta, ita ce mai raba faɗan ƙanne, ita ce mai lallashin wanda ya ƙi cin tuwo. Ranar da aka tura ta aji ɗaya na firamare, ko yaran sun cika ɗakin har bakin ƙofa, ba baƙon abu ta tarar ba. Tana gane yaron da bai karya ba daga yadda ya kwantar da kai. Amma wannan malama da ta mallake aji, a kira taron malamai sai ta sunkuyar da kai har a tashi. An tarbiyyantar da ita a kan kada ta ɗaga ido gaban babba. Kunya abu ne mai daraja, ba na so a raba ta da ita. Sai dai malamar da ba za ta iya cewa hedimasta, "Yallaɓai, a yi haƙuri, amma yaron nan ba shi ne mai laifi ba," ta bar rabin aikinta ba ta yi ba. Kuma irin wannan shirun ne ke sa wasu su kasa kai ƙara idan wani ya nemi cin zarafinsu da sunan maki.

Saurayin kuma ya taso a majalisa da filin ƙwallo da bakin kasuwa. Ya san yadda ake gaida dagaci, ya iya tsayawa gaban taro. Na ga wani ɗalibi da wani uba ya shigo makaranta a fusace saboda an kori ɗansa gida, ya tare shi da "Baba, sannu da zuwa, a zauna a sha ruwa tukuna," kafin a jima dattijon ya huce har yana sa albarka. Amma irin wannan saurayi, a bar shi da ɗan aji ɗaya da ke kuka ko ya yi fitsari a wando, sai ka ga ya rasa abin yi, hannunsa ya nufi bulala. Ba mugunta ba ce. Ba a taɓa ba shi rainon kowa ba.

Batun fanni ma haka yake. Ɗalibin lissafi ko kimiyyar haɗa sinadarai ya san makarantu na rububinsa saboda ƙarancin irinsa, kuma wannan yakan kumbura kai. Yakan ɗauka wanda bai gane darasi ba daƙiƙi ne, alhali shi ne bai sauko ba. Ɗalibin Larabci da addini, wanda sau da yawa ya fito daga zauren malam, yana da ladabin da za a yi koyi da shi, amma wani lokaci yana jiran yara su ba shi girman da ya ba malaminsa tun kafin ya yi abin da zai jawo masa shi. Waɗanda aka fi rainawa a kwaleji, 'yan sashen ilimin firamare, su na fi gani suna sanin sunan kowane yaro cikin mako guda, don su aka fi koya wa lura da yaro.

Akwai wani rabe-rabe da ya fi na jinsi da na fanni tasiri, ba a cika maganarsa ba. An yi shekarun da mafi ƙarancin makin JAMB da aka karɓa don shiga kwalejin ilimi 100 ne cikin 400. Da yawa sun zo ne saboda jami'a ba ta ɗauke su ba, suna zaune da ƙullin cewa sun faɗo. Mai jin kunyar sana'arsa da wuya ya natsu a cikinta, mace ce ko namiji, ɗan kimiyya ne ko ɗan Hausa. Wanda ya zo don yana so, ko da makinsa kaɗan ne, za ka ga ya fi saurin girma.

A 2017 gwamnatin Jihar Kaduna ta yi wa malaman firamare kusan 33,000 jarrabawa, aka ce 21,780 ba su ci ba, ƙasa ta ɗauki ɗumi. Wannan awon sani ne, kuma yana da muhimmanci. Amma takardar da mai duba gwajin koyarwa ke cikewa ta fi ƙarfi a kan tsarin darasi da amfani da allo da ɗaga murya, cikin mintuna kaɗan da ɗalibi ya riga ya shirya musu. Yadda ya zauna da sauran malamai, da yadda ya yi ranar da aka ɓata masa rai, da ko yana zuwa aiki ranar da ba mai dubawa, duk ba wanda ya fi hedimasta da malamin ajin saninsu, kuma ba kasafai ake tambayarsu ba.

Masu cewa hali zanen dutse ne suna magana a kan dattijo. Ɗan shekara goma sha tara bai gama zama abin da zai zama ba. Shi ya sa nake roƙon hedimastocin da za a turo wa waɗannan ɗalibai a zangon da ke tafe: kada ku miƙa musu alli ku tafi hutu. Ku tura saurayin aji ɗaya, ku zauna kusa da shi. Ku sa malamar ta jagoranci taron safe, ta yi bayani gaban iyaye. Ku haɗa ɗan kimiyya da ɗan sashen firamare su shirya darasi tare. Idan mai dubawa ya zo daga kwaleji, ku faɗa masa gaskiyar halin kowanensu, ko bai tambaya ba.