TSOHON HANNU DA SABON HANNU A FILIN BUKI



Bayan an kawar da amfanin gona, na halarci wani bukin aure a Ɗanciyawo, cikin gundumar Magarya, jahar Damagaram. Dangin ango sun ɗauko wani yaro mai saka kiɗa da na'ura, irin waɗanda ake kira dije. Shekarunsa ba su wuce 17 ba. Kayan aikinsa su ne salula guda, da lasifika biyu na haya, da ƙaramin injin wuta. Ana cikin rawa sai na'urar ƙara sauti ta yi hayaƙi, fili ya yi tsit. A unguwar kuwa akwai wani magidanci wanda ya shekara 15 yana wannan sana'a, kayansa suna ajiye a ɗaki. Aka je aka roƙe shi, sai ya ce: "Ai shi ya ce ya iya. Ku bar shi da iyawarsa." Amarya ta fito babu kiɗa, ƴammata suka rufa asiri da tafi da guɗa.

Washegari na same shi a ƙofar gidansa, na ce: "Yaya, mi ya yi zafi haka?" Ya kawo mini kuka uku. Na ɗaya, yaran nan sun karya farashi: inda shi yake karɓar jika goma, su jika uku ta ishe su, domin ba su da iyali, ba su biyan bashin kaya. Na biyu, ba su yi wa kowa hidima ba. Shi sai da ya yi shekara huɗu yana ɗaukar lasifika a kai, yana naɗe waya, kafin maigidansa ya yarda ya taɓa na'ura. Su kuwa yau yaro ya cika salula da waƙoƙi, gobe ya raɗa wa kansa suna. Na uku, idan sun yi ɓarna, sunan kowa ke ɓacewa.

Ba zan ce kukansa na banza ba ne. Saka kiɗa a buki aiki ne mai ilimi. Wanda ya ƙware ya san nauyin da lasifika take iya ɗauka, ya san ba a haɗa na'ura da injin wuta kai tsaye ba tare da abin daidaita wuta ba. Ya san lokacin da zai rage sauti domin kiran salla, da lokacin da tsofaffin mata suke son a ba su fili. Ya san kirarin kowane gida, ya kuma san ba a saka waƙar habaicin kishiya a gidan da ake kawo mata ta biyu. Yaro da bai san wannan ba yana iya haɗa faɗan da zai shekara goma bai mutu ba. Lalle da tsohuwar zuma ake magani.

Amma inda muka rabu da shi ke nan: gaskiyar kuka daban, ƙiyayya daban. Na tambaye shi, ranar da ya fara kai lasifika filin buki, wa ya tashi ya ba shi wuri? Ya yi shiru. Amsar kuwa kowa ya san ta: mai kalangu ne, da mai goge, da mai gurmi. Waɗannan mutane gadon sana'arsu suka yi. Yaro yakan fara da amshi, ya yi shekaru yana bin ubansa, kafin a miƙa masa ganga. A Damagaram mun san darajar Ma'azu Ɗan Alalo, a ƙetaren iyaka an san Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, da Ɗanmaraya Jos, wanda ya rasu a 2015. Sai ga kaset, wadda kamfanin Philips ya fito da ita a 1963, ta shiga ƙauyukanmu tare da rediyo mai batir. Daga baya finafinan Kano suka yaɗa kiɗan fiyano, musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999. Makaɗan gado suka ga masu buki suna barin su, suna ɗauko saurayi ɗaya mai na'ura domin ya fi araha. Abin da suka faɗa a kan masu na'ura a lokacin, shi ne masu na'ura suke faɗa a kan masu salula a yau. In kiɗa ya sake, rawa ma sai ta sake.

Ba a ƙasarmu kaɗai abin ya faru ba. A Amurka, ranar 11 ga watan Agusta na 1973, wani saurayi haifaffen Jamaika, Kool Herc, ya saka faifai a wata walima a unguwar Bronx ta birnin Niyok. Daga wannan rana ake lissafin farkon kiɗan da ake kira hip-hop, wanda ya game duniya. Shekarunsa 18 a lokacin. Bayan haka masu baƙin faifai suka raina masu faifan CD, su kuma suka raina masu kwamfuta. Kowane rukuni yana cewa na bayansa ba su sha wuya ba, amma babu wanda rainin ya hana shigowa.

Mu duba halin da muke ciki. Kusan rabin al'ummar Nijar ba su kai shekara 15 ba. Yankin Magarya yana cikin wuraren da suka fi cunkoson jama'a a ƙasar, gonaki suna ta ƙanƙancewa wajen rabon gado. Da rani samarinmu sukan ƙetara Najeriya cin rani, waɗansu su nufi Agadas da abin da ke gaba da ita. Yaron da ya zauna gida, ya yi hayar lasifika domin ya sami na sabulu, ya kuma taimaki uwarsa, bai cancanci a yi masa dariya ba ranar da na'urarsa ta ƙone. Idan manya suka rufe masa ƙofa, ba barin sana'ar zai yi ba. Zai ci gaba da ita ne babu koyarwa, ɓarnar da ake kuka da ita kuma ta ƙaru.

Akwai kuma haɗarin da ya shafi kowa. Malamai da iyaye da yawa ba su gamsu da abin da ake yi a filin buki ba. A watan Mayu na 2025, hukumar tace finafinai ta jihar Kano ta haramta shagalin da ake kira ranar ƙauyawa. Ranar da hukuma za ta gaji da hayaniyar dare da rigingimu, ba za ta tambayi wa ya shekara 15, wa ya wata biyu ba. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

Bisa ga haka, ga shawarata.

Ga manya: ku kafa ƙungiya tun daga Ɗanciyawo har Magarya da Dungas, ku tsaida farashin da ba a sauka ƙasa da shi. Kowane babba ya ɗauki yaro ɗaya ko biyu, ya koya musu haɗa waya da ladabin fili. Idan bukukuwa biyu suka haɗu rana ɗaya, ya tura yaronsa ɗaya, su raba abin da aka samu. Yaron da ka koya wa aiki ba ya karya maka farashi.

Ga yara: salula tana ɗaukar waƙa dubu, amma ba ta san wace ce uwar amarya ba. Ku bi wani babba ko da rani ɗaya ne. Ku gaishe su, ku yi tambaya, ku daina tallan kanku da zagin na gabanku.

Ga hukumomi, wato magadan gari da sarakuna da masu unguwa: ku tara su duka, a tsaida lokacin kashe na'ura da dare, a rubuta sunan kowane mai sana'a. Ƙasarmu ta taɓa gwada irin wannan. Gasar kiɗa ta Ɗan Gurmu, wadda aka kafa a 1987, sunan tsohon makaɗi aka ba ta, matasa kuma suka sami filin nuna kansu a cikinta.

Kafin mu rabu, magidancin nan ya ce mini na'urar yaron ba ta mutu ba, waya guda ce ta ƙone a ciki, kuma shi ya san gyaranta. Na ce to, Yaya, aika a kira shi. Ina fata ya aika.

Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya, amin.