“Kar ka taɓa” ba darasi ba ne

Malamai da iyaye, akwai wata doka da muka kafa wa yara ba tare da mun zauna mun auna ta ba: a kunna kwamfuta, a rubuta wasiƙa, a kashe, amma kada a kuskura a leƙa cikinta. A yawancin makarantun kuɗi na nan Filato da kewaye, inda ake karɓar kuɗin iyaye da sunan darasin kwamfuta, abin da yaro ke fita da shi bai wuce Word da Excel ba. Wanda aka kama ya danna F2 ko Del lokacin da na'ura ke tashi, ya shiga BIOS, sai kora daga ɗaki kamar ya buɗe asusun darakta. Ni a ganina wannan dokar ce ke kashe kwamfutocin da muke cewa muna tsarewa.

Yaro ba ya daina son sani don an hana shi. Gida zai koma ya buɗe YouTube, ya tarar da wani a Jamus ko Amurka, cikin ɗaki mai sanyi, yana nuna yadda ake tura furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, ta yi gudun da ya wuce wanda kamfani ya yanka mata. Furosesa ba ta jure ƙarin gudu mai yawa sai an ƙara mata ƙarfin wuta, zafi kuwa ba ya bin ƙarfin wutar sau ɗaya, sau biyu yake bin sa. Idan ka ɗaga daga bolt 1.2 zuwa 1.4, zafin da take fitarwa zai ƙaru da kusan kashi 36 cikin ɗari, tun ba ka ƙara gudun ba. Ka ƙara gudun da kashi 10, zafin ya ƙaru da kusan rabi. Wannan lissafi ne da ɗan kolej da ya yi dokar Ohm zai iya yi a allo cikin minti biyar. Wa ya taɓa sa shi ya yi?

Mai bidiyon nan ɗakinsa bai wuce digiri 20 da ƴan kai ba. Mu a Yamai, a watan Afrilu da Mayu, digiri 40 ba labari ba ne, ga ƙurar hunturu da ta riga ta toshe fanka. Furosesa tana fara rage gudunta da kanta idan ta kai wajen digiri 95 ko 100, don kada ta ƙone. Ke nan yaronmu ya fara tseren ne an riga an cinye masa digiri 20. Sai ya ƙara wuta, na'ura ta yi zafi, ta ja da baya, ya ƙare da gudun da bai kai na farko ba da ƙwaƙwalwar da ke tsufa da wuri. Garin neman gira a rasa ido. Da an koya masa, da ya san cewa a ƙasa irin tamu abin da ke biya shi ne rage ƙarfin wutar kaɗan kaɗan, ana gwadawa, har na'ura ta yi sanyi ta riƙe gudunta.

Sai batun sake rubuta BIOS, wanda masu gyara ke ce wa filashin. BIOS ƙaramar manhaja ce da ke zaune cikin wani ɗan guntu a kan babban allo, ita ke tayar da komai kafin Windows ta farka. Sabunta ta yakan ɗauki ƴan mintuna, ana goge tsohuwa ana rubuta sabuwa. Idan kuran ya ɗauke a tsakiya, allo zai iya zama gawa, kuma cire ɗan batirin CR2032 ba ya tayar da ita, don shi saitin da aka canza kawai yake mayarwa. Ba sai na tuna wa kowa halin wutarmu ba. Mun ga abin da ya faru a farkon Agusta 2023, lokacin da Nijeriya, wadda a wancan lokacin take ba mu kusan kashi 70 cikin ɗari na lantarki, ta yanke layi saboda takunkumin CEDEAO. Uban da ya sayi kwamfuta ta jika ɗari uku amma ya ƙi sayen akwatin ajiyar wuta, wanda ake kira ondiler, ba shi da bakin zagin yaro ranar da allo ya mutu.

Wani zai ce, to ai magana ta dawo kan tamu, kada a taɓa BIOS ɗin gaba ɗaya. A'a. A Yuli 2024 kamfanin Intel ya amsa cewa furosesocinsa na Core zubi na 13 da na 14 suna neman wutar da ta fi ƙarfinsu, suna lalacewa a hankali ko da mai su bai taɓa komai ba. Maganin ta hanyar sabunta BIOS ya zo: gyara mai lamba 0x129 a Agusta, wanda ya hana neman fiye da bolt 1.55, sai 0x12B a Satumba. Wadda ta riga ta lalace ba ta warkewa, shi ya sa kamfanin ya ƙara shekara biyu a kan garanti. Kafin nan, a Afrilu 2023, wasu Ryzen 7000X3D na AMD sun ƙone a mazauninsu, aka taƙaita wutar wani sashe nasu a bolt 1.3, shi ma ta BIOS. Wanda ya riƙe “kar ka taɓa” a nan, shi ya yi asara. Kuma garantin nan, daga Yamai wa za ka kai wa?

Na san kukan daraktoci: na'urori ashirin muke da su, yara ɗari biyar, in sun ɓata wa zai biya? Kuka ne na gaskiya, amma ba wanda ya ce a ba su sababbin. Filato cike take da ofisoshin gwamnati da bankuna da ƙungiyoyi, kuma duk ƴan shekaru suna sauke tsofaffin Dell da HP, waɗanda wasu daga cikinsu Katako suke ƙarewa a matsayin tarkace. Irin waɗannan na ofis, kamfani ya kulle wurin ƙara gudu, yaro ba shi da hanyar ƙona su ta nan, amma zai iya kwance su, ya share ƙura, ya canza man da ke tsakanin furosesa da ƙarfen sanyaya ta, ya karanta zafinta kafin gyara da bayansa, ya sabunta BIOS a gaban malami da ondiler a jone. Ƙungiyar iyayen yara da ke iya tara kuɗin bikin ƙarshen shekara tana iya rubuta wa ofis uku wasiƙar roƙon na'ura biyar.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne malamin kimiyya da malamin kwamfuta suna shan shayi tare, amma darasinsu bai taɓa gaisawa ba. Ɗaya yana zana bolt da amfiya a allo, yara na haddacewa don BEPC. Ɗayan yana zaune kusa da akwatin da duk waɗannan lambobi ke motsi a cikinsa, makullin ɗakin na aljihunsa. Idan aka koma makaranta a Oktoba, iyaye su tambayi darakta sau nawa aka buɗe wa ƴaƴansu wannan akwati a bara.