Filin Mata: Gidan Sarkin Damben Duniya

 A wannan mako labarin wani ɗan dambe na kawo muku, don akwai abin lura a cikinsa ga duk mai 'ya budurwa a ɗaki.

Sunansa Joe Louis, baƙin mutum ne na ƙasar Amurka. Shi ya riƙe sarautar damben duniya daga 1937 har 1949, ya kare ta sau 25 ba wanda ya ƙwace. Ran da ya auri Marva Trotter, cikin 1935, da yamma aka ɗaura aure, da dare ya shiga fage ya kā da Max Baer a turmi na huɗu. Ku dubi irin farin cikin amaryar nan!

To, amma ganin Dala ba shiga birni ba ne. Maigida kullum yana kan hanya, mata na binsa, abokai sun yanyame shi, hannunsa kuwa ba ya riƙe kuɗi. Marva ta yi haƙuri har ta gaji, aka rabu cikin 1945. Suka mai da aure 1946, ya sake mutuwa 1949, ga 'ya'ya biyu tsakani.

Sa'an nan gwamnati ta taso shi da bashin haraji, wanda ya yi ta haihuwa har ya wuce dala miliyan ɗaya. Tilas ya koma fage ƙarfi ya tafi, Rocky Marciano ya buge shi cikin 1951. 'Yan cin arziki duk suka watse. Sai miya ta ƙare akan san maci tuwo, kuma macin tuwon nan mace ce, watau Martha Jefferson, lauya, wadda ya aura 1959. Ita ta tsaya masa a kan maganar bashi, ta yi jinyarsa sa'ad da hankalinsa ya taɓu aka kwantar da shi asibiti cikin 1970, ba ta gushe ba har ya rasu 1981.

Saboda haka, iyaye mata, in mai suna ya zo neman 'yarku, kada kirarin makaɗa ya ruɗe ku. Ku bincika yadda yake kwana, da su wa yake zama, ina samunsa ke tafiya. Ke kuma da ke ɗakin miji, ki riƙa ajiye wani abu tun ana samu, ki kuma san bashin da ke kansa.

Allah ya ba mu zaman lafiya a ɗakunanmu, amin. Sai mako mai zuwa.