Lauya Mace da Rumbun Shari'a na Intanet: Ina Matsalar Take?

 Akwai wata magana da ake yawan jefawa a majalisun lauyoyi, wai mata ba su kai maza iya binciken hukunce-hukunce a intanet ba. Mu a ganinmu bambancin yana nan, amma waɗanda suke jingina shi ga ƙarancin basirar mace sun kauce wa gaskiya.

A da, lauyan da yake neman hujja sai ya je ɗakin karatu ya yi ta buɗe kundaye, irin su rahotannin shari'a na mako-mako da marigayi Gani Fawehinmi ya fara bugawa a 1985. Yau kuwa manhajoji irin su LawPavilion da Legalpedia sun tattara hukunce-hukuncen Kotun Ƙoli da Kotun Ɗaukaka Ƙara, ta yadda abin da yake cin mako guda ana iya samunsa cikin sa'a ɗaya. Sai dai waɗannan rumbuna ba kyauta ba ne. Ana biyan kuɗin rajista, ana sayen data, ana kuma bukatar kwamfuta da wutar lantarki.

To, a nan ne gizo yake saƙar. Ƙungiyar kamfanonin wayar salula ta duniya, GSMA, ta nuna a rahotanninta na 2023 da 2024 cewa a Afirka kudu da Sahara mata sun gaza maza da kusan kashi ɗaya cikin uku wajen amfani da intanet ta waya. Lauya mace ba daga sama ta faɗo ba, cikin wannan al'umma ta tashi, inda sau da yawa ɗa namiji ake fara saya wa kwamfuta. Idan kuma ta kama aiki, rajistar manhajar tana kan kwamfutar ofis, alhali an saba yin bincike mai zurfi ne bayan la'asar har zuwa dare, lokacin da ita ta koma gida ga miji da 'ya'ya. Abokin aikinta namiji yana zaune har isha, idan ya maƙale ya leƙa ofishin babban lauya ya tambaya. Ita kuwa kunya da kiyaye iyakokin addini sun hana ta wannan zama, kuma daidai ne su hana ta. Shin za a ce wanda aka bar wa mabuɗi ya fi wanda aka rufe wa ƙofa ƙwazo?

Wanda yake shakkar basirar mata a wannan fage ya tuna da Mai Shari'a Aloma Mariam Mukhtar, lauya mace ta farko daga Arewa, wadda ta zama Babbar Jojin Nijeriya daga 2012 zuwa 2014, da Mai Shari'a Zainab Bulkachuwa, wadda ta shugabanci Kotun Ɗaukaka Ƙara daga 2014 zuwa 2020. Ba mas'alar alƙalancin mace muke tattaunawa ba, wannan malamai sun yi saɓani a kanta kuma tana da nata gurbi. Maganarmu a kan bincike ce da wakilci a gaban kotu.

Abin da ya sa wannan ya dame mu shi ne, akasarin ƙararrakin da suke zuwa Kotunan Ɗaukaka Ƙara na Shari'a, bisa sashe na 277 na tsarin mulkin 1999, sun shafi aure da saki da riƙon 'ya'ya da gado ne. Matar da take neman khul'i, ko wadda aka danne mata gado, akwai sirrin da ba za ta iya furtawa gaban namiji ba, sai gaban 'yar'uwarta. Idan wannan lauya ta shiga kotu da hujja mai rauni saboda ba ta samu damar bincike ba, wa aka cuta? Haƙƙin marainiya da bazawara ne ya salwanta.

Alhali kuwa intanet ita ce ta fi dacewa da halin mace Musulma, domin tana iya buɗe Mukhtasar na Khalil da Tuhfatul Hukkam da sharhohinsu a manhajar Shamila tana cikin ɗakinta. Har zaman kotu ta bidiyo ya samu gurbi tun 2020, lokacin annobar korona, kuma babbar kotun jihar Borno tana cikin na farko da suka gwada shi.

Amma a yi hattara, maza da mata. A 2023 wata kotu a birnin New York na Amurka ta ci wasu lauyoyi tarar dala 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen ƙarya da manhajar ChatGPT ta ƙirƙira musu, kuma waɗannan lauyoyi maza ne. Haka nan wasu littattafan da ke Shamila lambobin shafukansu ba su dace da bugaggen littafi ba, don haka wajibi ne a koma ga asali kafin a karanta wa alƙali nassi.

Muna kira ga masu ofisoshin lauyoyi da su ba ma'aikatansu mata damar shiga rumbun daga gida maimakon ɗaure rajista a kan kwamfuta ɗaya. Rassan ƙungiyar lauyoyi ta ƙasa da ƙungiyar lauyoyi mata, FIDA, su sanya horon bincike da hantsi, a daina ajiye shi bayan magariba. Mazajen da suka amince matansu su karanta shari'a kuwa, su sani cewa kuɗin data da sa'o'i biyu na nutsuwa a gida suna cikin cikar wannan amincewa.