Zawon hunturu ba haƙori ba ne

Da damina ta kankama, gidajen rediyo kan cika da gargaɗin kwalara: a tafasa ruwa, a rufe abinci. Daga Nuwamba sai ka ji tsit. Alhali a lokacin ne jarirai ke shiga nasu tashin hankalin. A Afirka ta Yamma, ƙwayar cutar rota, wadda ke kan gaba wajen jawo wa ƙananan yara mummunan zawo, ta fi yaɗuwa ne cikin sanyin hunturu, daga Disamba zuwa wajen Maris.

Yaro ɗan wata takwas ya kwana lafiya, da asuba sai amai da zazzaɓi, ko nono ba ya zama a cikinsa. Can sai zawo tsararo, wanda kan kai kwana 3 zuwa 8. Kaka ta shafa dasashinsa ta ce, "Haƙori ne, zai wuce." Ban ga laifinta sosai ba, domin daga wata shida zuwa shekara biyu, lokacin da haƙora ke fitowa, shi ne dai lokacin da rota ta fi kamu. Amma haƙori ba ya sa ido ya zurma, maɗiga ta faɗa, yaro ya wuni bai yi fitsari ba. Ruwan jiki ne ke ƙarewa, kuma shi ke kisa.

Wanda nake ganin laifinsa shi ne mai kemis da zai miƙo Flagyl ya karɓi kuɗi. Rota bairos ce, irin wannan magani bai san da zamanta ba. Abin da ke ceton yaro shi ne ruwan ORS cokali-cokali, zinc na kwana 10 zuwa 14, da ci gaba da shayarwa. In ya kasa sha, sai asibiti.

Tsabtar ruwan sha kaɗai ba ta tare rota. Daga hannu take zuwa baki, kuma tana daɗewa a kan kwano da kayan wasa. Ko a Ingila da Amurka, kafin a samu rigakafi, kusan kowane yaro sai ta taɓa shi kafin ya cika shekara biyar.

Rigakafin kuwa yana nan. Gana ta fara a 2012, Nijar a 2014, Najeriya sai Agustan 2022: ɗigo ne a baki, kyauta, a Najeriya ana yin sa a mako na 6, na 10 da na 14. A Madarunfa ta jihar Maraɗi ma an gwada wani mai jure zafi, sakamakon da ya fito a 2017 ya nuna ya rage zawon rota mai tsanani da kusan kashi biyu cikin uku.

Don haka ina ganin mun saɓa lissafin lokaci. Jaririn da aka haifa da damina ya kamata ya kammala ɗigonsa kafin iskar hunturu ta taso. Hukumomin lafiya na jihohi su saki sanarwa tun Oktoba, su cika asibitocin sha-ka-tafi da ORS da zinc, kuma a riƙa yi wa kakanni magana kai tsaye, tunda a gidaje da yawa sai sun ce a tafi asibiti ake tafiya.