Bindiga mai lagwani: Gwaji da lasisi sun fi haramci amfani

A Ingila har yau akwai maƙeran da ke zama su ƙera bindiga mai lagwani da hannu, irin wadda aka gwabza yaƙin basasar ƙasar da ita daga 1642. Masu sayenta galibi 'yan ƙungiyoyin kwaikwayon yaƙe-yaƙen tarihi ne, kamar Sealed Knot da aka kafa a 1968, waɗanda kan sa tufafin wancan zamani su maimaita fafatawa irin ta Naseby ta 1645 a gaban 'yan kallo.

Aikin bindigar ba shi da sarƙaƙiya. Ana ɗura albarushi ta baki, a zuba kaɗan a wani ɗan kasko da ke gefe. Idan aka ja kunama, wani lanƙwasasshen ƙarfe mai riƙe da igiya mai ci da wuta zai sunkuyo ya taɓa albarushin. Sai dai ƙera ta na cin lokaci: sassaƙa ƙota, goge ƙarfe, da daidaita kowane sashi har ya zauna daram. A nan ne masu nazarin tarihi ke gane abin da littafi ba ya faɗa, kamar nauyin da soja ke saɓawa da yadda ruwan sama ke kashe lagwani ana tsakiyar yaƙi.

Haɗarin yana cikin bututu. Ƙarfe mai rauni na iya tarwatsewa a fuskar mai harbi. Shi ya sa dokar Birtaniya ta hana sayar da bindigar da ba a gwada ba. Akwai gidajen gwaji biyu, na Landan da na Birmingham wanda aka kafa a 1813, inda ake harba bututun da albarushi fiye da ƙima, idan ya jure a buga masa hatimi. Mai bindigar kuma sai ya mallaki lasisi, da wata takardar daban ta ajiye albarushi.

Wannan tsari shi ne daidai. Haramta sana'ar baki ɗaya zai binne ilimin da ya yi ɗaruruwan shekaru, ko ya kora maƙera bayan gida inda babu mai duba aikinsu. Sakin ta babu linzami kuwa wasa da rai ne.

Hukumomin da ke kallon bindigogin gargajiya na maharba da na hawan Sallah suna da abin dubawa a nan: a san maƙeri, a gwada bututu, a rubuta sunan mai riƙe da ita.