Waya na hango gobarar daji, amma ba ta kashe ta

Da zarar ciyawa ta bushe, gobarar daji kan lashe wuraren kiwo a yankin Abalak na Nijar. Shafin FIRMS na hukumar NASA, wanda ake buɗewa kyauta a waya, yana nuna inda tauraron ɗan'adam ya hango wuta, galibi cikin awa 3. Sai dai wutar da iskar hunturu ke korawa ba ta jiran awa 3. Abin da ke tare ta shi ne layin da aka share ciyawarsa tun da wuri, ta iso ta rasa abin ci. Don haka matashin da ya ga jan ɗigo a taswira ya fara kiran mai gari da makiyaya, kafin ya ɗora a Facebook.